Hannun Salama Ran Lahadi

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Abin nufi shi ne, wanda ya ke son dangantaka ta ɗore sai ya riƙa tashi yana zuwa, ko da rana ta yi zafi, ko da ransa bai so ba. Amma akwai wata tambaya da ke kwance a ƙarƙashin wannan karin magana, wadda masu hankali suka daɗe suna juya ta. Idan ƙafa ta tafi, zuciya kuwa ta ƙi tashi daga gida, me aka yi ke nan? Zumunta aka yi, ko kuwa yaudara? Tambayar ta shafi kowa, Musulmi da Kirista, ɗan birni da ɗan ƙauye. Sai dai akwai wurin da ta kan fito fili sarai sau ɗaya a kowane mako, watau cikin cocin 'yan Katolika na ƙaramin gari, ran Lahadi da safe, sa'ad da a kan ce wa jama'a kowa ya juya ya ba wanda ke kusa da shi hannu, alamar salama.

A babban birni wannan umurni ba shi da nauyi, gama sau da yawa wanda ke gefen mutum baƙo ne, bai taɓa cin masa ko anini ba, kuma da wuya su sāke haɗuwa. A ƙaramin gari kuwa ba haka ba ne. Mai yiwuwa wanda ke zaune a damar mutum shi ne wanda awakinsa suka cinye masa gyaɗa shekaranjiya. A ɓangaren mata kuma, mai yiwuwa benci ɗaya ya haɗa mace da wadda ta yi da ita a bakin rijiya. To, wanda zuciyarsa ke tafasa, in ya miƙa hannu ya ce salama, munafunci ya yi ko kuwa abin kirki? Kafin a amsa, ya kamata a san irin wurin da a ke magana a kansa, da kuma inda al'adar ta samo asali.

GUNDUMAR COCI

Ikilisiyar Katolika ta raba ƙasashe kashi-kashi, kamar yadda hukuma ta kan raba ƙasa larduna da gundumomi. Babban kashi shi ne dayosis, wanda bishop ke shugabanta. A cikin kowane dayosis akwai ƙananan gundumomi da a ke kira farish, kowace da limaminta, wanda jama'a ke ce wa Fada. Bisa dokar ikilisiya, wadda aka sāke tsarawa a 1983, gundumar coci ta kan bi iyakar ƙasa ne, watau duk ɗan Katolika da ke zaune cikin iyakar ya zama ɗan wannan gunduma. Tun a babban taron Tirento, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, aka ƙarfafa wannan tsari, aka ce a sa wa gundumomi iyaka, domin kowa ya san limaminsa, limami kuma ya san mutanensa. Kalmar farish kanta daga harshen Girka ta fito, daga kalmar da ke nufin zama kusa da wani, watau maƙwabtaka.

A nan ne wahalar ta ke, a nan ne kuma amfanin ya ke. Mutum ya kan zaɓi abokinsa, ya zaɓi waɗanda zai yi adashi da su, amma maƙwabci sai wanda Allah ya ba shi. Gundumar coci taron maƙwabta ce, don haka a cikinta akwai mai arziki da matalauci, da mai bin bashi da wanda a ke bi, da surukai waɗanda ba sa ga maciji da juna, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ƙasar Shendam, da ke kudancin Jihar Filato, misali ce mai kyau. Ran 12 ga Fabrairu 1907 waɗansu limamai uku, Fada Oswald Waller da Fada Ernest Belin da Fada Joseph Mouren, suka sauka a wannan ƙasa ta mutanen Goemai. 'Yan wata ƙungiyar mishan ce da aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. Saukarsu ita ce a ke ɗauka mafarin aikin Katolika mai ɗorewa a arewa da kogin Binuwai. Bayan shekara 100, watau a 2007, Shendam ta zama dayosis mai bishop nata. A ƙananan garuruwan wannan yanki a kan sami Goemai da Tarok da Tibi da Ibo 'yan kasuwa a coci ɗaya, sau da yawa kuwa Hausa ce harshen da ke haɗa su wajen addu'a da waƙa da wa'azi.

Gunduma ɗaya ta kan ƙunshi babban coci a cikin gari, da ƙananan rassa a ƙauyuka. Tun da Fada ba ya iya rabuwa biyu, sai ya riƙa zagayawa, ƙauyen da bai samu zuwa ba kuwa malamin koyar da addini, wanda a ke kira katekis, shi ke ja-gorar addu'a da karatu. Ban da wannan akwai Zumuntar Mata, da ƙungiyar maza, da ta matasa, da ta mawaƙa, da masu kula da gajiyayyu a ƙarƙashin ƙungiyar Binsan na Fol, wadda waɗansu ɗalibai suka kafa a babban birnin Faransa a 1833. Su ne ke kai wa mai jego ruwa da itace, su dubo majiyyaci, su tara gudummawar biki da ta jana'iza. Da kaka kuma a kan yi bikin godiya, kowa ya kawo doya ko dawa ko kaza, a sayar, a sa kuɗin cikin aikin coci. Dukan waɗannan ayyuka ba sa yiwuwa sai mutane suna magana da juna, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

YADDA SUJADAR TA KE

Sujadar Lahadi, wadda 'yan Katolika ke kira Mas, wajibi ce a kan duk wanda ba shi da babban uzuri. Tsarinta ɗaya ne ko'ina a duniya inda a ke bin al'adar Roma. Da fari jama'a duka su kan amsa laifinsu gaban Allah da gaban juna, kowa ya bugi ƙirjinsa, har da Fada. Sa'an nan a yi karatu uku daga Littafi Mai Tsarki, da Zabura a tsakani, Fada ya yi wa'azi, a yi addu'a domin jama'a, a kawo baiko. Daga nan Fada ya yi babbar addu'a a kan gurasa da ruwan inabi a bisa bagadi. Sai a karanta Addu'ar Ubangiji, wadda a cikinta kowa ya kan ɗaure tasa gafarar da irin gafarar da ya ke yi wa waɗansu. Kalmomin ba su gama bushewa a baki ba, sai a ce kowa ya ba ɗan'uwansa alamar salama. Bayan haka ne a ke matsawa gaba a karɓi Jibin Ubangiji.

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 155 wani malamin Kirista mai suna Yustinu, wanda ya zauna a birnin Roma, ya rubuta wa sarkin Rumawa bayanin yadda Kirista ke ibada. Ya nuna cewa ran Lahadi mutanen birni da na ƙauye su kan taru wuri ɗaya, a yi karatu da gargaɗi da addu'a, a tara abin da za a taimaki marayu da gwauraye da majiyyata da 'yan kurkuku da baƙi. Ya kuma ambata cewa su kan gai da juna da sumba kafin a kawo gurasa. Tushen abin yana cikin Linjilar Matiyu, sura ta 5, inda aka umurci mai kawo baiko wanda ya tuna akwai saɓani tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya fara zuwa su shirya tukuna.

Da zamani ya yi nisa, al'adar ta ragu, har ta kusa zama ta limamai kaɗai a wajen bagadi. Babban taro na biyu na Batikan, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, shi ne ya buɗe hanyar yin Mas da harsunan jama'a, bayan an daɗe ana yi da Latin. A sabon tsarin da Paparoma Bulus na Shida ya fitar a 1969 aka mayar wa jama'a gaisuwar salama, aka bar kowace ƙasa ta yi bisa ga al'adarta. A Nijeriya musafaha aka saba yi. A 2014, lokacin cutar Ebola, waɗansu bishop-bishop sun dakatar da ba da hannu, haka kuma aka yi a 2020 lokacin cutar korona, mutane suka koma sunkuyar wa juna kai. Wannan ya nuna hannun alama ne kawai, abin da a ke nema yana bayansa.

HUJJAR MASU CEWA MUNAFUNCI NE

Masu sukar wannan al'ada suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Su kan ce gaskiya ita ce baki da zuciya su zama ɗaya. Wanda ya ce salama alhali kuwa cikinsa cike ya ke da gaba, ya yi ƙarya, ya kuma yi ta a wurin da ya fi ko'ina tsarki. Gara ya naɗe hannunsa, ko ma ya zauna a gida har ransa ya huce, da ya zama kura da fatar akuya. Su kan ƙara da cewa su Kirista da kansu sun san cin amanar da ya fi kowanne muni a tarihinsu da sumba aka yi shi, sa'ad da Yahuza ya nuna Almasihu ga masu kama shi. A tsohon tsarin Mas ma ba a yin sumbar salama ran Alhamis da ke gabanin Ista, malamai kuwa su kan danganta haka da sumbar Yahuza.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda ta fi ta fari zafi. A ƙaramin gari, wanda aka cuta sau da yawa shi ne marar ƙarfi. A ce wani mai hali ya matsar da iyakar gonar wata gwauruwa, ko ya riƙe ladan ɗan ƙodago. Ran Lahadi ya miƙo hannu yana murmushi gaban jama'a. In wanda aka cuta ya karɓa, mutane su ce magana ta wuce. In ya ƙi, su ce shi ne mai riƙo. Ta haka alamar salama ta kan zama mayafin da azzalumi ke rufe zaluncinsa da shi, marar ƙarfi kuwa a bar shi da kalmar haƙuri.

BAMBANCIN MUNAFUKI DA MAI KOYO

Game da hujja ta fari, sai a duba yadda hali ke shiga jikin mutum. Malamin nan na Girka, Aristo, wanda ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar da cewa magini da gini ya ke zama magini, makaɗi da kiɗa, haka kuma mutum da yin adalci ya ke zama adali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wannan hanya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din. Ya kawo misalin mai son gwanancewa a rubutu, wanda ba shi da dabara sai ya tilasta wa hannunsa kwaikwayon rubutun gwani, da wahala da fari, har abin ya zama masa jiki. Ya nuna cewa haka mai rowa zai koyi kyauta, mai girman kai ya koyi tawali'u. Shi Gazali kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowa tsananin sukar riya, saboda haka ya san tilasta wa kai aikin kirki daban ya ke da yin aiki don idon mutane.

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san gaskiyar wannan. Ran da ya fara riƙe fensir, yatsunsa sun saba da ƙotar fartanya, baƙaƙen suka fito a karkace. Da wani ya ce masa, "Kai ba marubuci ba ne, ajiye fensir sai ran da ka iya," da har yau bai iya rubuta sunansa ba. Ba wanda ya kira shi maƙaryaci don ya zauna irin zaman masu rubutu tun bai zama ɗaya daga cikinsu ba. Haka yafewa ta ke. Wanda ya ce ba zai miƙa hannu ba sai ran da zuciyarsa ta yi fari fat, mai yiwuwa ne kabari ya riga wannan rana zuwa.

Munafuki da mai koyo aiki ɗaya su ke yi a ido, amma niyyarsu ta rabu. Munafuki idon mutane ya ke yi wa aiki, yana so a ɗauke shi abin da ba shi ba ne, kuma ya gamsu da zamansa haka. Mai koyo kuwa zuciyarsa ya ke yi wa aiki. Ya san akwai rata tsakanin hannunsa da cikinsa, ratar tana damunsa, yana so ta cike. In munafuki ya saki hannun abokin gabarsa, sai ya ji daɗi ya ce ya ruɗe shi. In mai koyo ya saki, sai ya ji kunya ta kama shi, wannan kunya kuwa ita ce farkon magani.

Sa'an nan ya kamata a lura da abin da kalmar ke faɗi. Mai ba da hannun salama bai ce ya manta da abin da ya faru ba, bai kuma ce yana jin daɗin ganin wancan ba. Fata ya yi masa, ya kuma ɗauki alkawari. Ma'anar ita ce, duk da abin da ke tsakani, ba ya neman halakarsa, kuma ya yarda Ubangiji ɗaya ne zai yi musu shari'a. Mai jin Hausa ya san irin wannan magana. In an tambayi majiyyaci yaya jiki, ya kan ce da sauƙi, ko da zazzaɓi na girgiza shi, ba kuwa mai ce masa maƙaryaci, gama kowa ya san fata ce da godiya. Alkawari kuma a kan cika shi ko da rai bai so ba, a nan ne ma a ke gane darajarsa.

Har wa yau, ƙanƙantar gari da ta sa abin ya yi wuya, ita ce ke rage masa haɗarin yaudara. A inda kowa ya san kowa, ba wanda za a ruɗa. Duk waɗanda ke bencin baya sun san maganar awaki da gyaɗa. In suka ga mutanen nan biyu sun yi musafaha, ba za su zaci faɗa ya ƙare ba, amma za su gane cewa faɗan yana da iyaka, kuma su biyun sun amsa gaban shaidu cewa ba za su ƙetare ta ba. Yara ma suna kallo. Yaron da ya ga ubansa ya ba abokin faɗansa hannu, zai yi wuya ya gaji gabar kamar yadda a ke gādon gona.

DON ME KOWANE MAKO?

Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, harshe da haƙori ma su kan saɓa. Tun da saɓani ba ya ƙarewa, maganinsa ma bai kamata ya zama na sau ɗaya ba. Gaba kamar ciyawa ta ke a gona. Manomin da ya yi noman fari a kan lokaci, ya koma ya yi maimai, aikinsa da sauƙi. Wanda ya bari har ciyawa ta yi 'ya'ya, ya sayo wa kansa wahalar baɗi. Kwana bakwai ba su isa fushi ya yi saiwa mai zurfi ba. Mutumin da ya san ran Lahadi zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da maƙwabcinsa, ya kan auna maganarsa tun ran Laraba.

Tun dā shugabannin ikilisiya sun gane haka. Babban taron Lateran na huɗu, a 1215, ya wajabta wa kowane Kirista baligi ya furta zunubinsa ga limamin gundumarsa aƙalla sau ɗaya a shekara, ya kuma karɓi Jibin Ubangiji lokacin Ista. A ƙauyukan Turai na wancan zamani limami ya kan hana wanda ya ƙi shiryawa da maƙwabcinsa karɓar Jibi, sai sun daidaita. Watau sun ɗauki gaba tsakanin mutum biyu ciwo ne a jikin gari duka. Wanda kuwa ya ce zai zauna a gida sai ya huce, ya kan tarar kaɗaici yana ƙara wa fushi wuta, gama a ɗaka ba wanda zai gaya masa nasa laifin.

INDA HANNU BAI ISA BA

Hujja ta biyu, watau ta azzalumi da marar ƙarfi, ba a kawar da ita da abin da aka faɗa a sama ba, domin gaskiya ce. Alama tana iya lalacewa har ta koma kishiyar kanta. A Ingila ta dā, maimakon sumbatar juna, a kan zagaya da wani ɗan allo mai hoto, kowa ya sumbata, manya kafin ƙanana. Sai mutane suka shiga gardama a kan wanda za a fara kai wa. An rubuta cewa a 1522 wani mutum a wani ƙauye ya fasa allon salamar a kan mai hidimar coci, saboda an kai wa wani kafin shi. Ga alamar salama ta zama sandar faɗa.

Koyarwar Katolika ba ta yarda hannu ya share hakki ba. Wanda ya ɗauki kayan wani, tubansa ba ya cika sai ya mayar gwargwadon ikonsa, wanda ya ɓata sunan wani kuma sai ya gyara. Saboda haka mai halin da ya matsar da iyakar gona, sa'an nan ya miƙo hannu ba da niyyar mayar da ita ba, shi ne ainihin munafukin da a ke magana, kuma nauyi ne a kan Fada da dattawan coci su gaya masa haka a fili. Wanda aka cuta kuwa yana iya karɓar hannun, gobe ya kai ƙara wurin mai gari ko alƙali, ba tare da ya saɓa wa kansa ba, gama yafewa a zuciya da neman hakki suna iya tafiya tare. Ran 13 ga Mayu 1981 wani mutum ya harbi Paparoma Yahaya Bulus na Biyu a Roma. A Disamba 1983 Paparoma ya je har kurkuku ya zauna da shi, ya riƙe hannunsa, bayan ya riga ya sanar cewa ya yafe masa. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman hukuncinsa a Italiya har shekara ta 2000.

Akwai wani wurin kuma da hannun Lahadi bai isa ba, watau bayan ƙofar coci. A garuruwan Arewa maƙwabcin ɗan Katolika sau da yawa Musulmi ne, ko ɗan wata ikilisiya dabam. Idan salamar ta tsaya ga waɗanda ke cikin gini ɗaya, to, ta zama irin ta 'yan ƙungiya, tana ma iya ƙara tsayin katanga tsakaninsu da na waje. Ƙasar Shendam ta ɗanɗani ɗacin rabuwar maƙwabta. A 2004 rikici ya ɓarke a garin Yelwa, aka yi asarar rayuka masu yawa na Kirista da na Musulmi, har gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato a watan Mayu na wannan shekara. Waɗanda suka rasa 'yan'uwa a irin wannan masifa, ba mai hankalin da zai ce musu yafewa abu ne mai sauƙi. Amma gari ba ya sāke zaunuwa sai an sami waɗanda za su fara gaisawa a kasuwa da bakin rafi tun ciwon bai gama warkewa ba. Wanda ya saba miƙa hannu kowane mako ga wanda ransa bai so ba, ya riga ya sami horon wannan aiki mai wuya. Musulmi ma ya san irin wannan horo, gama sahun Jumma'a ba ya tambayar mutum wanda ya ke so ya tsaya kusa da shi.

AMSAR TAMBAYA

Daga abin da ya gabata, amsar ta fito. Miƙa hannun salama ga wanda a ke fushi da shi ba munafunci ba ne, muddin mai miƙawa yana son zuciyarsa ta bi hannunsa, kuma a shirye ya ke ya biya abin da a ke binsa. Ya kan zama munafunci ne idan an yi shi don a rufe bakin wanda aka cuta, ko don a sayi sunan kirki da araha. Ba a gane wanne ne aka yi a cikin coci, domin a can hannuwa duk kama ɗaya su ke. A kan gane daga Litinin zuwa Asabar: ko an ɗaure awakin, ko an mayar da iyakar gonar, ko an daina maganar a bakin rijiya, ko an je gaisuwar mutuwa gidan da aka daɗe ba a taka ba.

Sunan sujadar kansa yana tuna wa masu yinta haka. Kalmar Mas ta fito ne daga kalmar Latin da a ke sallamar jama'a da ita a ƙarshe, ma'anarta kuwa aikawa. Watau an sa wa ibadar duka sunan lokacin da a ke fita daga cikinta. Mai gaskiya ya kan fita da sanin cewa ya ɗauki bashi da hannunsa, kuma yana da kwana shida na biya. In bai gama biya ba, wata Lahadi tana zuwa, sai ya sāke miƙawa, gama sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.